Ruwan Da Kuza Ta Bar Mana

Wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Bukuru, har ya zarce Barikin Ladi, ba sai an gaya masa yawan ruwan da ke kwance a ƙasarmu ba. Ga tafki a dama, ga wani a hagu, kowanne da tulin jar ƙasa a gefensa, waɗansu kuma itatuwan turare sun kewaye su. Baƙo ya kan duba ta tagar mota ya ce, "Kai, ku kam Allah ya ba ku ruwa!" Amma mu 'yan gida mun san ba tafkunan kaka da kakanni ba ne. Ramuka ne da aka haƙa domin neman kuza, masu haƙar suka kwashi abin da su ke so suka yi gaba, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa ya cika su. Mutanenmu su kan kira su dam. Ɗaruruwa ne, da wuya kuwa ka sami unguwa ko ƙauye a wannan yanki inda yaro ba zai iya kai kansa bakin ɗaya da ƙafa ba.

Ba mu ce ba su da amfani ba. Kabeji da karas da tumatir da dankalin turawa da a ke lodawa a manyan motoci da rani, da yawa cikinsu ruwan dam suka sha. Mata suna wanki a bakinsu, masu buga bulo suna ɗiba, shanu suna sha. Amma ruwan nan yana karɓar haraji, da 'ya'yanmu kuwa a ke biya. Saboda haka babu gidan da ba shi da wannan doka: "Kada in ji, kada in gani, ka je dam." A gidanmu ma akwai ta. A makarantar da mu ke koyarwa kuma ba a ba da hutu sai an tara yara an maimaita musu ita, su kuwa su amsa da murya ɗaya, "To, Malam."

Bara, cikin hutun Ista, ruwa ya ci wani ɗan aji biyar na makarantarmu. Shi ma ya amsa "To, Malam" tare da sauran. Su huɗu suka tafi, uku suka dawo. Abin da ya tsaya mana a rai har yau shi ne abin da ukun nan suka yi. Sa'ad da suka ga abokinsu ya nutse bai taso ba, ba su yi kururuwa ba, ko da ya ke akwai masu lambu suna ban-ruwa ba da nisa ba, waɗanda da sun ji da sun sheƙo. Sai suka tsince rigunansu, kowa ya sulale gida ya zauna shiru. Sai da dare ya yi, uwar yaron tana bi gida gida da fitila, sa'an nan ƙaramin cikinsu ya fashe da kuka ya faɗa. Da aka tambaye su dalili, suka ce bulala su ke tsoro, gama an hana su zuwa.

Bayan 'yan watanni uwargida ta kawo wata magana. Ta ce, "Malam, yaran nan namu ba su san ruwa ba sai na bokiti. Abin da aka hana yaro gani, shi ya ke kwana yana tunani. Me zai hana mu kai su da kanmu, su shiga muna kallo?" Ashe ta riga ta ji labarin wani wurin shaƙatawa a kudancin Jos, a bakin ɗaya daga cikin tafkunan kuzan nan, inda aka gyara gaɓa, aka kafa rumfuna da kujeru, aka gina wa yara ƙaramin tafki na siminti, ga kuma jirgin ruwa na yawo.

Albashin malamin makaranta masu karatu sun san shi, ba sai mun tona wa kanmu asiri ba. Muka sayi asusu na ƙasa tun watan Oktoba, kowa yana jefa abin da ya samu, har yara ma suka sa rabin goron Kirsimati nasu. Wani ɗan'uwa da ya ji labari ya ce, "Kuɗin rabin buhun masara za ku je ku zuba a ruwa?" Ba mu yi gardama da shi ba, gama yana da tasa gaskiya, zamanin da wuya. Amma a ganinmu, gidan da kullum maganarsa da yara ita ce kuɗin makaranta, da wanke-wanke, da "bari, kada ka taɓa," ya kamata ya nemi yini guda a shekara da zai yi dariya tare da su.

Ba mu tafi ran Litinin ta Ista ba, ranar da duk garin ya kan fita yawon shan iska. A irin wannan cinkoso ba mai iya sa wa yaro huɗu ido. Muka bari sai Asabar ta biye. Watan Afrilu ne kuwa, watau lokacin da zafi ya ke ɗan taɓa Jos. Da Disamba ne, da sanyin hunturu ba zai bar kowa ya tsoma ko yatsa ba. Uwargida ta tashi tun asuba ta dafa shinkafa dafa-duka, ta soya dankali, ta cika jarka da zoɓo. Mu takwas muka shiga 'yar bas da muka yi shata: mu biyu, da yara huɗu, da ƙanwar uwargida wadda ta ke aikin nas, yara suna ce mata Anti, sai kuma mahaifinmu. Kaka ba ya cikin lissafi da fari. Amma da ya ji inda za a je, sai ya ɗauki hularsa da sandarsa ya riga kowa zama a gaban mota. Ya ce yana so ya ga yadda aka mai da ramin wahala wurin biyan kuɗi a shiga.

Wurin yana da kyau, gaskiya. Ruwan tafkin kore shar, kwance lumui kamar an shimfiɗa tabarma, iska tana kaɗa itatuwan turare. An ja waya tsakanin masu zama da babban tafkin. Tafkin siminti na yara kuwa yana can gefe, an raba shi biyu da igiya, wannan gefe ruwan bai wuce cibiyar ɗan shekara bakwai ba, wancan kuwa ya sha kan babban mutum. Akwai wani abu mai santsi da a ke hawa da tsani a zame a faɗo cikin ruwa, wanda yaranmu suka raɗa wa suna sululu nan take. Wani saurayi mai jar riga da usur a wuya yana zaune a kan doguwar kujera yana tsaron masu iyo.

Kafin kowa ya tuɓe, Anti ta tara mu manya. Ta ce, "In mutum huɗu suna kallon yaro, to, ba mai kallonsa, gama kowa yana zaton wani ya sa ido." Ta ciro jan ɗankwali daga jaka, ta ce duk wanda ya ɗaura shi a hannu, shi ne mai tsaro, ba waya, ba hira, ba cin gyaɗa, har minti ashirin, sa'an nan ya miƙa wa wani hannu da hannu. Ta kuma faɗa mana abin da yawancin mutane ba su sani ba. Mu kan zaci wanda ruwa zai ci zai yi ihu yana ɗaga hannu. Ba haka ba ne. Bakinsa yana nutsewa yana tasowa, ɗan numfashin da ya samu ba ya isa kira. Shiru a ke nutsewa, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, wani lokaci ma kusa da mutanen da su ke tsammani wasa ya ke yi. Ƙaramin yaro kuwa ba ya bukatar tafki, ruwan baho ko na bokiti ya ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. A wannan shekara ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli domin tunawa da wannan al'amari kowace shekara.

Sai aka saki yara. Ɗan shekara bakwai ɗin bai jira komai ba, ya hau sululu ya faɗo facal, ya sha ruwa, ya yi tari, ya sake hawa. Mun ƙirga masa sau goma sha tara kafin muka gaji da ƙirga. Auta, 'yar shekara huɗu, wadda ta yi sati tana cika baki za ta haye tafkin, ta tsoma ƙafa ɗaya ta janye ta ce ruwan yana kallonta. Yayarta mai shekara goma ta shiga a hankali tana riƙe da gefen siminti, cikin gajeren wando da riga da uwarta ta ɗinka mata musamman. Bari mu ɗan tsaya a nan. A wurinmu, in ma an yi maganar iyo, 'ya'ya maza a ke nufi. Amma wa a ke aika wanki bakin dam? Wa ke tsugunawa a gaɓa mai santsi da bokiti, ɗaure da zane wanda in ya jiƙe ya kan naɗe ƙafa? 'Yan mata ne. Kunya ba ta hana a ɗinka wa yarinya tufar da za ta rufe ta, ta kuma bar ta ta motsa.

Babban ɗanmu, mai shekara goma sha uku, ya tsaya a gefe marar zurfi yana wasa da ƙannensa kamar wanda bai taɓa ganin ruwa ba. Jan ɗankwalin yana hannunmu a lokacin. Sai ƙwallon roba ta kuɓuce wa ƙanwarsa, iska ta tura ta ta haye igiya zuwa wajen zurfi. Kafin mu buɗe baki, yaron nan ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya, ya miƙe a kan ruwa, ya yi iyo tiryan-tiryan, ya cafko ƙwallon, ya juyo. Gabanmu ya faɗi. Uwargida ta miƙe tsaye, cokali a hannu. Shi kuwa yana dariya har ya iso inda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya ɗaga kai ya ga fuskokinmu. Nan dariyar ta mutu. Ya yi tsuru-tsuru, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa.

Ba wanda ya taɓa kai yaron nan koyon iyo. A unguwarmu kuwa wuri ɗaya ne kaɗai a ke koyonsa.

Kaka ne ya yi magana, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ku bar shi ya ci abinci tukuna."

Muka shimfiɗa tabarma a gindin itace, aka yi addu'a, aka zuba shinkafa. Babban yana tsakurar abinci, kansa a ƙasa. Kaka ya gama, ya wanke hannu, ya nuna babban tafkin da sandarsa, ya tambayi jikokinsa ko sun san wanda ya yi shi. Suka ce Allah. Ya ce, "Ruwan dai na Allah ne. Ramin kuwa irinmu ne suka haƙa."

Kaka ya shiga aikin kuza yana saurayi, da kwanon sarki a ka, ya yi shekara wajen ashirin a ciki. Mahaifinsa kuma ba da son ransa ya hau dutsen nan ba. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe suna narka kuza suna sayarwa, amma a farkon shekarun 1900 ne kamfanonin Ingila suka shigo da ƙarfi, har aka shimfiɗa 'yar siririyar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya wadda ta iso Bukuru a 1914. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ta ke samun kuza mai yawa, sai gwamnatin mulkin mallaka ta sa aikin tilas, aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kawo su haƙa, har 1944. Da yawa sanyi da ciwo suka kashe su. Cikin waɗanda aka ɗibo daga ƙasar Bauchi akwai kakanmu, wanda ya rayu, ya yi aure, ya zauna. Daga baya aiki ya yi ta ja da baya, da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985 kuwa sai manyan injuna suka yi shiru. Aka daina zuƙe ruwa daga ramuka, suka cika. A 'yan shekarun nan samari sun koma haƙa da diga da shebur, suna barin sababbin rijiyoyi a gonaki, amma wannan wata magana ce.

Shekarun nan mu ne muka ƙara wa yara, halin malami. Kaka ba ruwansa da shekaru. Abin da ya sani shi ne gindin ramin. Ya ce, "Mutane suna cewa akwai dodo a dam, wai kowace shekara sai ya ci mutum. Ni na tsaya a gindin irin wannan rami tun babu ruwa ko ɗigo, ban ga dodo ba. Bari in gaya muku abin da ke ciki." Ya ce rafi yana da gaɓa mai gangara, kana tafiya ruwa yana hawa kaɗan kaɗan, daga idon sawu zuwa gwiwa zuwa ƙugu, yana yi maka gargaɗi. Ramin kuza ba ya gargaɗi. An yanke gefensa tsaye kamar bango, hawa hawa. Za ka yi taku uku ruwa yana gwiwa, na huɗu babu ƙasa. Waɗansu, in ji shi, ko an sa dogon itacen turare a ciki ba za a ga kansa ba. A ƙasa kuma akwai laka mai laushi da ta kwanta daga wankin kuza, wadda in ƙafa ta shiga ba ta saki. Akwai guntayen bututu da waya da ƙarafan da aka bari. Sa'an nan ga sanyi. Rana tana ɗuma saman ruwan kaɗai, ƙasa kuwa kamar ƙanƙara, in ya bugi mutum sai numfashi ya sarƙe, jijiya ta ɗaure. Wanda ya kai gaɓa ma, jar ƙasar tana da santsi, tana marmashewa a hannu.

Ya juya wajen babban jikansa ya ce, "Kai, maigidana, wanne ka ke shiga?"

Yaron ya dubi uwarsa, ya dube mu. Muka ce masa ya faɗi gaskiya, ba mai taɓa shi. Da ƙyar maganar ta fito. Na bayan masu buga bulo ne. Shekara biyu ke nan. Su bakwai ne, ran Asabar, sa'ad da aka aike su niƙa, sai su ajiye hatsi a layi wajen mai inji su zaga. Har man shafawa ya ke ƙullewa a 'yar takarda, domin kada uwarsa ta ga jikinsa ya yi fari ta gane. Da ɗan makarantarmu ya mutu sun daina, wata uku, sa'an nan suka koma. Uwargida ta rufe fuska da gyale. Shekara biyu tana yabon mai injin nan da yawan ciniki, saboda daɗewar da yaro ya ke yi a layi.

Ba mu doke shi ba, a wurin ko a gida. Ba don mun ɗauki rashin biyayya ƙaramin abu ba ne. An hore shi saboda ƙaryar niƙa, sati biyu shi kaɗai ya ɗebo ruwan gidan. Amma mun ga abin da tsoron bulala ya sa yara uku suka yi bara, ba mu kuwa so ɗanmu ya zama na huɗu, ko ya zama wanda aka bari a ruwa aka gudu. Saboda haka a kan tabarman nan muka kafa sabuwar doka a gaban Kaka. Dam har yanzu an hana. Amma duk yaron gidan nan da ya ga wani a cikin ruwa ya yi ihu, ko ya sheƙo ya faɗa, ba za a tambaye shi abin da ya kai shi wurin ba.

Da rana ta ɗan yi sanyi muka je wajen saurayi mai usur, muka roƙe shi ya gwada yaron. Ya sa shi ya haye tafkin siminti ya dawo. Zuwa lafiya, dawowa kuwa tun a tsakiya ya fara haki, yana dukan ruwa, kai a sama kamar ɗan kwikwiyo. Ya ce masa ya kwanta rigingine a kan ruwa ya huta. Bai iya ba, ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa nuna masa. Saurayin ya ce irin waɗannan ne su ke ba shi tsoro fiye da waɗanda ba su iya kome ba, gama wanda bai iya ba ya kan tsaya a gaɓa, mai rabin iyawa kuwa shi ke zuwa tsakiya. Ya sa tafin hannu a ƙarƙashin bayansa, ya ce ya sa kunnuwa cikin ruwa, ya dubi sama, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya cika ƙirji da iska. Bayan gwaji kaɗan ya zare hannunsa, yaro yana kwance a kan ruwa bai sani ba. Abin mamaki, ƙanwarsa da ke kallo daga gefe ta riga shi ƙwarewa, domin ita ba ta da wani tsohon hali da za ta bari.

Ya kuma koya musu abin da za su yi in wani ya faɗa. Kada su bi shi ciki, gama mai nutsewa ya kan ƙanƙame duk abin da ya taɓa, sau da yawa gawa biyu a ke fitarwa. Su yi ihu tukuna. Su kwanta rubda ciki a gaɓa su miƙa masa sanda, ko gora, ko zane. In ya yi nisa su jefa masa jarka marar kome mai murfi a rufe. Anti ta ɗora da nata. In an fito da mutum, kada a ɓata lokaci ana danna cikinsa ko ana riƙe shi ƙafa a sama wai ruwa ya fita, kamar yadda a ke yi a ƙauyukanmu. A duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, danna talatin, huri biyu, ba tsayawa, har ya farfaɗo ko taimako ya zo. Ko ya tashi ya ce ya warke, a kai shi asibiti, gama ruwan da ya shiga huhu ya kan ta da ciwo daga baya. Ta gwada musu a kan jakar tufafi, kowa ya danna, har Auta.

Saura jirgi. Mai jirgin ya miƙa wa kowa rigar kariya, irin mai kumfa a ciki wadda ba ta barin mutum ya nutse. Muka duba ta Auta, muka ɗaga ta ta kafaɗa, muka ga za ta zame ta kai, sai aka sake mata ƙarama aka ɗaure tamau. Wani mutum a bayanmu yana gunaguni wai rigar za ta ɓata masa hoto. Mu dai ba mu manta da Bagwai ta Jihar Kano ba, inda jirgi ya kife a dam ɗin Watari ran 30 ga Nuwamba 2021, mutum fiye da 20 suka mutu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Kaka ya ƙi shiga. Ya ce ya riga ya ga ƙasan, ba ya bukatar ganin saman. Muka zaga tafkin sau ɗaya, minti goma sha biyar. A tsakiya mai jirgin ya kashe inji domin mu ji shiru. Babban ɗanmu ya leƙa ruwan, kore har ya koma baƙi, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya janye hannunsa daga gefen jirgin ya riƙe na ƙanwarsa.

Kafin ƙarfe biyar muka kama hanya, domin kada dare ya same mu. Tun ba mu kai babban titi ba uku sun yi barci, tsamo-tsamo da zoɓo da ruwa.

Aikin da ya fi wuya sai bayan mun dawo. Yaron ya ba mu sunayen abokansa shida, bisa alkawarin cewa za mu roƙi iyayensu kada a doke su. Mu da uwargida muka bi gidajen ɗaya ɗaya da maraice. Gida huɗu sun karɓe mu da kyau. Wata uwa ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, gama ita ce ta riƙe wa uwar yaron bara fitila. Wani uba ya ce ɗansa ba ya zuwa dam, ƙarya a ke yi masa. Wani kuma ya saurare mu har ƙarshe, ya yi godiya, muna fita muka ji kukan yaro. Ɗanmu ya yi kwana uku ba ya yi mana magana sosai saboda wannan, abokin nasa kuwa har yanzu ba ya gaishe shi.

Gidaje biyar ɗin da suka yarda mun haɗa 'yar adashi. Asabar ta ƙarshen kowane wata a kan kai yara tafkin siminti, maza da mata, da manya biyu da jan ɗankwali. Wani tsohon soja a unguwarmu da ya iya iyo sosai ya ɗauki koyarwar, ba ya karɓar kome sai kuɗin mota. Yanzu yara goma sha ɗaya ne, bakwai sun iya kwanciya a kan ruwa. Ba mu ce ba mai zagawa dam a ɓoye ba, yaro yaro ne.

Saboda wannan ne Kaka ya je ya sami masu lambun da ke bakin dam na bayan masu bulo. Suka sare doguwar gora suka jingina a itacen turaren da ke gaɓa, suka rataye jarka da igiya mai tsawo a reshensa. Ba a yi sati ba aka sace jarkar. Kaka ya sayi wata, ya shafe ta da jan fenti, ya liƙe murfinta da kwalta yadda ba mai iya zuba kome a ciki. Wannan ta yi wata huɗu ke nan tana rataye a wurin.